Yadda ake gano ɓeran da jinsinsa ya juya, daga duba jiki zuwa ƙirga kromosom

Ɓeran ɗakin bincike yana da kromosom 40, wato ƙunshin DNA masu ɗauke da ƙwayoyin gado, a kowace ƙwayar halittar jikinsa. Guda 38 iri ɗaya ne ga namiji da mace, biyun da suka rage su ne na jinsi: mace XX, namiji XY. Sai dai ba Y gaba ɗayansa ke yin namiji ba. Wata ƙwayar gado ce guda ɗaya mai suna Sry, wadda ke zaune a gajeren hannun Y, take ba da umarnin a gina maraina. An gano ta a 1990. A 1991 Peter Koopman da Robin Lovell-Badge da abokan aikinsu a Landan suka saka guntun DNA mai ɗauke da ita a ƙwan ɓera mai XX, aka haifi namiji da marainansa, illa dai ba ya haihuwa. Duk inda kromosom suka ce abu ɗaya jiki kuma ya nuna wani, shi ake kira juyewar jinsi.

Abin da kake buƙatar riƙewa daga ilimin kaɗan ne. Sry tana farkawa wajen kwana 10.5 da shigar ciki, ta kai ƙarshen ƙarfinta a kwana 11.5, zuwa 12.5 ta yi shiru. A wannan ɗan taƙin take tada wata ƙwayar gado mai suna Sox9, wadda ke kan kromosom na 11, ita kuma ta ɗauki ginin maraina. In Sry ta makara ko ta zo da rauni, wasu ƙwayoyin gado, su Wnt4 da Rspo1 da Foxl2, sai su karɓe wurin su gina gidan ƙwai. Saboda haka ɓera yana iya ɗauke da Sry ya fito mace, yana kuma iya rasa Y ya fito namiji.

Tambaya uku za ka yi wa kowane ɓera, kowace da amsarta daban: me jiki ya nuna daga waje, me ke cikin ciki, kuma waɗanne kromosom yake ɗauke da su. Sabon shiga yakan amsa ɗaya ya ɗauka ya gama. Kada ka bari amsar wata ta cike maka gurbin wata.

Kayan aiki

Kafin komai, takardar amincewa daga kwamitin kula da haƙƙin dabbobin bincike na makarantarku ko cibiyarku. Ba a taɓa kunnen ɓera ko ɗaya sai da ita.

- Na ɗakin ɓeraye: keji, katin rubutu na kowane keji, safar hannu, abin huda kunne, littafin rajista. Ɗakin ya zauna tsakanin digiri 20 da 24 a ma'aunin Salshiyas, haske awa 12, duhu awa 12. A zafin bazara, in babu na'urar sanyaya ɗaki, barbara takan tsaya cak.
- Na fitar da DNA: ruwan NaOH milimola 25 haɗe da EDTA milimola 0.2, da ruwan Tris-HCl milimola 40 mai pH 5, da ƙananan kwalaben PCR, wato hanyar ninka guntun DNA a inji har ya yi yawan da za a iya gani.
- Na PCR: injin kansa, haɗin Taq (sinadarin da ke kwafar DNA), firaimomi (gajerun guntayen DNA da ke nuna wurin da za a kwafa), fifet da bakunansa masu tacewa, garin agaros na yin jel ɗin da ake raba guntayen DNA bisa tsawonsu, tankin jel, ma'aunin tsawon DNA mai tsalle ɗari-ɗari, da fitilar duba jel.
- Na fiɗa: ƙaramin almakashi, hantsaki biyu masu siririn baki, sikeli mai auna miligiram, ruwan gishiri na PBS, ruwan Bouin, da maikiroskof na fiɗa.
- Na kromosom: kolsemid, gishirin KCl, metanol, tsantsar asid asetik, rinin Giemsa, gilasan silaid, sirinji da siririyar allura, injin santirifuj, da maikiroskof mai idon 100 na mai.

Mataki na 1: San irin ɓeran da ke hannunka

Nan ake cin aikin ko a faɗi, domin irin ɓeran ne ke faɗa maka firaimar da za ka saya. Iri uku ne aka fi haɗuwa da su.

Na farko Sxr, wanda Bruce Cattanach ya bayyana a Ingila a 1971. Da farko an zaci wata ƙwayar gado ce a kan kromosom na gama-gari. Sai a 1982 aka gane cewa kwafin yawancin gajeren hannun Y ne, da Sry a cikinsa, ya je ya manne a can ƙarshen dogon hannun. Daidai wurin nan X da Y suke musayar guntaye lokacin yin maniyyi, don haka guntun yakan tsallaka kan X. In ka haɗa uba mai XYSxr da mace XX, 'ya'yan za su kasu huɗu kusan daidai: mace XX, namiji XXSxr, namiji XY, namiji XYSxr. Wato maza uku, mace ɗaya. Wanda kake nema shi ne XXSxr.

Na biyu B6.YPOS, aikin Eva Eicher a ɗakin binciken Jackson da ke Bar Harbor a Amurka, 1982. An ɗauko Y na wani ɓeran gida daga kwarin Poschiavo na ƙasar Suwizalan aka ɗora shi a kan zuri'ar C57BL/6J. Y ɗin cikakke ne, Sry tana nan, amma tana makara wajen farkawa, kuma wannan zuri'a ba ta da haƙurin jira. Sai 'ya'yan XY su fito wasu mata, wasu mata-maza. Wannan Y ɗin dai, in aka ɗora shi a kan zuri'ar DBA/2J, lafiyayyun maza yake bayarwa.

Na uku shi ne tsarin jinsi huɗu da ake kira FCG. An cire Sry daga Y, aka dasa wata a kan kromosom na 3. Uba ɗaya da uwa XX suna ba da mace XX, mace XY, namiji XX, namiji XY. Shi ne mafi sauƙin koyo, domin jinsin ba ya tsayawa a tsakiya.

In ba ku da ko ɗaya, kada ka zauna jira. Farin ɓeran da ke kowane ɗakin dabbobi ya isa ka koyi duk matakan nan, har hannunka ya faɗa. Ka dai tabbatar ƙaramin ɓera ne, domin babban ɓeran Wistar kromosom 42 gare shi, kuma firaimar wannan ba lalle ta kama wancan ba.

Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne ɗana tarko a gona ko a rumbu. Na san abin da ke jan mutum: akwai ɗan mitsitsin ɓeran Afirka, Mus minutoides, wanda Frédéric Veyrunes da abokan aikinsa suka nuna a 2010 cewa da yawa daga matansa XY ne, suna kuma haihuwa sosai, saboda wani canji a kan X ɗinsu da ke danne umarnin Y. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma tarkon da zai kama shi zai kama Mastomys natalensis, mai ɗauke da cutar zazzaɓin Lassa. Wannan aikin masu horo da kayan kariya ne na musamman.

Mataki na 2: Duba jiki, ka rubuta kafin ka san sakamakon DNA

Kama ɓeran ta gindin wutsiya, ka bar ƙafafunsa na gaba su riƙe murfin keji, ka ɗan ɗaga bayansa. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin dubura da al'aura. Ta namiji takan kusa ninka ta mace. Kada ka duba ɗaya shi kaɗai. Jera 'yan ciki ɗaya gefe da gefe, ido ya fi gane bambanci a haka. A jinjirai masu baƙin gashi, namiji yakan nuna ɗan ɗigon baƙi a tsakanin wuraren biyu tun ranar haihuwa.

Wajen kwana 8 zuwa 10, kafin gashin ciki ya rufe, ka sake dubawa. Mace za ta nuna kan nono guda goma, biyar a kowane gefe. Namijin ɓera ba shi da kan nono sam. Ka sake dubawa ranar yaye, kwana 21, sannan a mako na biyar ka ga ko gaban mace ya buɗe. Kafin ka taɓa jinjirai ka goga safar hannunka a shimfiɗar kejin, don kada uwar ta ji baƙon wari ta ƙi su.

Rukuni uku za ka rubuta: namiji, mace, da wanda ba a tantance ba. Na ukun nan kada ka ji kunyar amfani da shi. Tazara matsakaiciya, ko mai siffar namiji da 'yan kan nono, su ne alamun farko na mata-maza a B6.YPOS. In ka riga ka san ɓera XY ne, idonka da kansa zai tsawaita tazarar. Shi ya sa ake rubutawa tun kafin a hau inji.

Akwai tsohuwar dabara ga wanda ba shi da injin PCR. Ƙwayar gadon gashi mai suna Tabby a kan X take. Ɓera mai X biyu, ɗaya da Tabby ɗaya babu, gashinsa yakan fito ratsi-ratsi. In uban Sxr yana ɗauke da Tabby a X ɗinsa, uwar kuma ba ta da shi, to duk namijin da ka gani da ratsi X biyu gare shi. Tun daga bakin keji ka gane shi.

Mataki na 3: Ɗauki guntun kunne ka fitar da DNA

Daga mako biyu zuwa uku kunne ya yi girman da za a huda. Hudar milimita 2 ta isa, kuma ita ce lambar shaidar ɓeran, don haka ka zana wurin hudar a rajista nan take.

Fara da masu siffar mata, ka ƙare da maza. Tsakanin kowane ɓera da na gaba, goge abin hudar da ruwan bilic da aka sirka kashi ɗaya cikin goma, ka ɗauraye da ruwa, sannan ka goge da etanol. Etanol shi kaɗai yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya lalata DNA, kuma ɗan abin da ya rage na namiji a bakin ƙarfen ya isa ya mayar maka da mace ta zama XY a kan jel.

Jefa guntun a kwalba, zuba maikirolita 75 na ruwan NaOH ɗin, ka tabbatar ya nutse. Dafa a digiri 95 na minti 30 zuwa awa ɗaya. Bari ya huce, ƙara maikirolita 75 na ruwan Tris, ka girgiza. Shi ke nan. Maikirolita ɗaya ya ishi PCR ɗaya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne zari: a ga guntun ya yi ƙanƙanta a ƙara wani, ko a zuba maikirolita biyar a haɗin. Datti ne kawai ake ƙarawa, Taq ta ƙi aiki, jel ya fito fayau. In PCR ta ƙi, sirka DNA ɗin sau goma ka sake, kafin ka zargi firaima.

Mataki na 4: Zaɓi firaima bisa wurin da suke kamawa a kan Y

Ana sayar da firaimomi da yawa da sunan na gane jinsi, kuma duk suna aiki a kan ɓera na yau da kullum. A kan ɓeran da jinsinsa ya juya kuwa, wasu za su yi maka ƙarya da rana tsaka.

Ɗauki misalin firaimar Kdm5c da Kdm5d, waɗanda tsofaffin takardu ke kira Jarid1c da Jarid1d. Tana ba da layi mai tsawon harafin DNA 331 daga X, da mai 302 daga Y. Mace layi ɗaya, namiji biyu. Amma Kdm5d a gajeren hannun Y take, cikin guntun nan na Sxr. Don haka namiji XXSxr zai ba ka layi biyu, ka rubuta shi XY, ka wuce abin da kake nema ba ka sani ba. Akwai kuma wani reshe na Sxr, mai suna Sxrb, da Anne McLaren ta bayyana a 1984, wanda ya rasa tsakiyar guntun har da Kdm5d amma ya riƙe Sry. A kansa firaimar nan za ta ba da layi ɗaya. Firaima ɗaya, amsa biyu, ya danganta da reshen da ke kejinka.

Gwaji uku nake so ka yi wa kowane ɓera:

- Sry, don sanin ko mai ba da umarnin tana nan.
- Ssty ko Sly, waɗanda ke kan dogon hannun Y, don sanin ko Y ɗin kansa yana nan.
- Myog, ko wata ƙwayar gado ta kromosom na gama-gari, don shaidar cewa akwai DNA a kwalbar kuma haɗin ya yi aiki.

Jerin haruffan firaimar da zafin da take kamawa suna zuwa a takardar da ke rakiyar zuri'ar daga inda aka samo ta, bi wannan. Tsarin inji dai kusan ɗaya ne: digiri 94 na minti 3, sannan zagaye 30 zuwa 35 na digiri 94 daƙiƙa 30, zafin kamawa tsakanin 55 da 60 daƙiƙa 30, digiri 72 daƙiƙa 30, a rufe da 72 na minti 5. Ga Ssty ka tsaya a zagaye 30 ko ƙasa. Kwafinta a kan Y ya haura ɗari, ƙurar DNA ma tana iya fitar da layi.

A kowane zubi ka sa sanannen namiji, sananniyar mace, da kwalbar ruwa zalla, su ne shaidunka. Kuma kada ka tada inji a kan wutar da ba ka amince da ita ba. In aka ɗauke wuta a tsakiyar zagaye, zubin ya tafi. Jona shi da inbata ko ka jira a tada janareta.

Mataki na 5: Karanta jel

Jel mai agaros kashi 2 cikin ɗari ya isa. In kana son raba 331 da 302, kai shi kashi 3 ka bar shi ya daɗe yana gudu, in ba haka ba layukan biyu za su haɗe su zama ɗaya mai kauri.

Fara da shaidu. Layi a ramin ruwa zalla, ko layin Y a ramin sananniyar mace, yana nufin zubin duka ya gurɓata. Zubar, ka buɗe sabon ruwa da sabon haɗi. Ramin da babu layin Myog kuma ba mace ba ce, gwaji ne da bai yi ba. Sai bayan haka za ka ɗauko rajistar mataki na 2 ka jera su:

- Jiki namiji, akwai Sry, babu Ssty: namiji XX. Ko dai XXSxr, ko namiji XX na FCG.
- Jiki mace, babu Sry, akwai Ssty: mace XY ta FCG.
- Jiki mace ko wanda ba a tantance ba, akwai Sry, akwai Ssty: irin na B6.YPOS, ko matsala a matakan da ke biyo bayan Sry, kamar Sox9. A 2018 an nuna cewa cire wani guntu mai harafi 557 kacal a can gaban Sox9, wanda ake kira Enh13, yana mayar da XY mace alhali Y ɗinta lafiya lau.
- Jiki namiji, babu Sry, babu Ssty: ka fara zargin an musanya kwalba. In ya tabbata, Sox9 ce ta tashi da kanta, kamar yadda aka gani a zuri'ar Odd sex a 2000.

Abu biyu jel ɗin nan ba zai faɗa maka ba. Ba zai raba XY da XYSxr ba, domin duka suna da komai. Sai dai ka haɗa namijin da mace ka ga ko zai haifi maza masu XX. Kuma ba ya ƙirga X. Mace mai X ɗaya tak, wadda ake rubutawa XO, a kan jel daidai take da XX. A ɓera irin wannan mace tana girma tana haihuwa, saɓanin ɗan Adam, don haka tana iya zama a kejin barbara ba wanda ya lura. Haka namiji XXY yake kama da XY. Don ƙirga X, ko dai ka nemi RNA na Xist, wanda ke fitowa inda X ya wuce ɗaya, ko ka bi mataki na 7. In Xist za ka yi, ɗauki hanta ko saifa. Kada ka ɗauki maraina, domin ko na lafiyayyen XY suna fitar da ɗan kaɗan.

Mataki na 6: Buɗe ciki

A mako 6 zuwa 8. Wanda aka horar ne zai kashe ɓeran, ta hanyar da kwamiti ya amince, cikin gaggawa kuma ba a gaban sauran ba. Tsaga fatar ciki daga ƙasa zuwa ƙirji, ka tura hanji gefe. Gidan ƙwai yana can sama, ƙarƙashin ƙoda, lulluɓe da kitse, a ƙarshen kowane reshe na mahaifa. Maraina suna ƙasa. Ja kitsen da ke gefen mafitsara a hankali za su biyo.

Duba dama ka duba hagu, ka rubuta kowanne daban. Mata-maza yakan zo da maraina a gefe ɗaya, gidan ƙwai da reshen mahaifa a ɗaya gefen. Wanda ya ga na farko ya rufe ciki ya yi rabin aiki.

Auna kowane ɗan maraina. Na baligin C57BL/6J yakan kai kusan miligiram 100. Na namiji XX bai cika kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Yanko wutsiyar bututun da ke manne da shi, ka tsaga ta a ɗigon PBS mai ɗumi. A lafiyayyen namiji za ka ga farin gajimare yana fita, a maikiroskof kuma maniyyi na iyo. A namiji XX ruwan zai zauna garau. Dalili biyu ne: X biyu suna kashe ƙwayoyin da za su zama maniyyi jim kaɗan bayan haihuwa, sannan akwai ƙwayoyin gadon Y da ake buƙata don kammala maniyyin. Jiƙa sassan a ruwan Bouin su kwana, washegari ka mayar da su etanol kashi 70 kafin a kai su yanka.

Mataki na 7: Shimfiɗa kromosom daga ɓargo

Yi wannan a kan ɓeran da ka buɗe, nan take, tun ɓargon yana da rai. Cire ƙasusuwan cinya biyu, ka share naman, ka datse kawunansu. Zura allura ka wanko ɓargon da mililita 3 na ruwan rainon ƙwayoyin halitta mai ɗumi, ko PBS in babu, wanda aka sa wa kolsemid maikirogiram 0.1 a kowace mililita. Ƙashin zai koma fari in ya wanku. Ja ka tura a hankali har curin ya watse, ka ajiye a digiri 37 na minti 30 zuwa awa ɗaya. Kolsemid yana tsayar da ƙwayoyin da ke tsakiyar rabuwa, lokacin da kromosom suka fi fitowa fili. In ya daɗe fiye da haka sai su gajarce su dunƙule.

Juya a santirifuj a hankali, kamar juyi 1,000 a minti, na minti 5. Zubar da ruwan sama. Ƙwanƙwasa gindin kwalbar da yatsa har abin da ya kwanta ya saki, sannan ka zuba mililita 5 na ruwan KCl mai ɗumi, wato giram 0.56 a mililita 100 na ruwa. Minti 15 zuwa 20 a digiri 37. Wannan ne ke kumbura ƙwayoyin. In bai isa ba kromosom za su hau kan juna, in ya wuce ƙwayoyin su fashe kromosom su watse ka riƙa ƙirga 37 da 38.

Haɗa ruwan ƙamewa sabo a ranar: metanol kashi uku, asid asetik kashi ɗaya, mai sanyi. Ɗiga 'yan ɗigo a kwalbar kafin ka juya ta. Bayan juyi ka zubar, ka saki abin da ya kwanta, sannan ka zuba ruwan ƙamewa ɗigo-ɗigo kana girgizawa. In ka kwarara shi a kan abin da bai saki ba, zai daskare ya zama curi, kuma ba ya sake warwarewa. Canja ruwan sau uku. A ƙarshe ka bar ɗan kaɗan, yadda zai yi hazo-hazo.

Ɗiga ɗigo biyu a kan silaid mai tsabta, ka karkata shi ya gangara. Nan yanayin gari ke shigowa. Kromosom suna baje kansu ne yayin da ruwan ke bushewa, kuma sun fi son iska mai matsakaiciyar laima. A lokacin hunturu, a wurare irin su Kano ko Damagaram, silaid yakan bushe kafin su motsa, su fito a cure. Maganinsa, ka hura wa silaid ɗin numfashi kafin ɗigon, ko ka kwantar da shi a kan jiƙaƙƙiyar takarda, ko ka riƙe shi a kan tururin ruwan ɗumi na 'yan daƙiƙu. Da damina kuma akasin haka ne, sai ka ɗan ɗumama wurin shanya. Yi silaid ɗaya ka duba kafin ka ɓata sauran.

Rina da Giemsa kashi 5 cikin ɗari a ruwa mai pH 6.8 na minti 10, ɗauraye, shanya. Nemo da ƙaramin ido, ka ƙirga da idon 100. Shimfiɗa mai kyau takan yi kamar an watsa shinkafa a faifai, a zagaye, kowace ƙwaya a ware. Ƙirga aƙalla 20. In 39 ce ke ta dawowa a mace, XO ce. In 41 ce a namiji, ka zargi XXY, ko XYY. Amma 39 ɗaya ko biyu a cikin 20 ɓarin aiki ne kawai.

Kada ka yi tsammanin gane kowane kromosom da ido. Na ɓeran ɗakin bincike duk siffarsu ɗaya, maɗaurin da ke haɗa zarensu biyu yana can ƙarshe. Y yana cikin ƙanana, yakan fi duhu, zarensa biyu a manne suke a miƙe, amma sabon ido yakan rikita shi da na 18 ko na 19. Ganin guntun Sxr a ƙarshen X kuwa sai da rinin ratsi na tirifsin ko fentin FISH, mai haska takamaiman guntun DNA a kan kromosom. In ba ku da su, ajiye sauran ƙwayoyin cikin ruwan ƙamewa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili; suna daɗewa, ana iya aika su inda ake yi.

Mataki na 8: In abin ya tsaya a tsakiya, koma wa ɗan tayi

Ga B6.YPOS da makamantansa, baligi yakan ɓoye gaskiya. Gaɓar da ta fara rabi maraina rabi gidan ƙwai takan ƙare a matsayin ƙaramin maraina, sashen macen ya shanye. Don ka gan ta yadda take, sai a ciki.

Haɗa namiji da mace da yamma, ka duba gaban macen da sassafe. In ka ga farin toshi mai tauri, barbara ta auku, tsakar ranar nan ita ce kwana 0.5. Kada ka bari rana ta yi, toshin yana faɗuwa. Buɗe a kwana 14.5 zuwa 15.5. Kowane ɗan tayi da faifansa da lambarsa, ka wanke hantsaki tsakaninsu, ka yanki wutsiya don PCR.

Gaɓoɓin suna manne a bayan ciki kusa da ƙoda. Ciro su ka haska daga ƙasa. Maraina sun fi girma, da igiyoyi a jere a ciki da jijiyar jini a gadon bayansu. Gidan ƙwai ƙarami ne, babu igiya. Na mata-maza igiyoyin suna tsakiya, kawunan biyu kuma babu komai, domin Sry daga tsakiya take farawa ta bazu zuwa gefe, kuma in ta makara ba ta kai ƙarshe. Kimanta kashi nawa na tsawon ke da igiya ka rubuta, dama daban hagu daban. In kuna da magungunan rini, SOX9 zai haska tsakiya, FOXL2 ya haska kawunan.

In babu PCR, rigar ɗan tayi ta ciki, siririyar nan mai ruwa, tana taimakawa. Ƙamar da ita a haɗin metanol da asid ɗin nan, ka narkar da ita a asid asetik kashi 60, ka ɗiga a silaid ka rina da toluidin shuɗi. Ɗigo mai duhu a cibiyar ƙwayoyin yana nuna X biyu. Adadin X kawai take faɗa, ba ta san komai game da Y ba.

Mataki na 9: Rajista

Kowane ɓera layi ɗaya: lamba, uwa, uba, ranar haihuwa, jiki, Sry, Ssty, Myog, gaɓar dama, gaɓar hagu, nauyi, adadin kromosom. Ƙara gurbi ɗaya da ake yawan mantawa, wato zuri'ar da ake barbara da ita da kuma zuriya ta nawa ke nan. Wanda ya ga matan C57BL/6J sun ƙare ya sa wa namijin ɓeransa mai YPOS wata farar mace da ke kusa, zai wayi gari 'ya'yan XY duk maza ne, ya yi ta neman laifin firaima.

Ciki ɗaya ba ya nuna rabo. 'Ya'ya shida ko takwas suna iya fitowa duk maza ba tare da wani dalili ba. Tara na cikuna da dama kafin ka gwada da uku-da-ɗaya na Sxr ko kashi huɗu na FCG. Duk ɓeran da jikinsa da jel suka saɓa ta hanyar da zuri'arsa ba ta saba ba, kada ka kashe shi tukuna. Sake huda ɗaya kunnen da wankakken ƙarfe, ka fitar da sabon DNA, ka ba wani abokin aiki ya duba jikin ba tare da ka faɗa masa abin da ka gani ba. In saɓanin ya tsaya bayan haka, raba masa keji, ka gwada ko yana haihuwa, sannan ka ajiye guntun hanta da saifa a firiza ranar da za a buɗe shi.